Kunnen Ikram

Kibiya, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Gwadabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Shagamu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mai gidana yana gaishe ka. Na ga mahaifiyarka Inna Kulu ranar Juma'a. Ƙafar ce dai har yanzu take damunta in ta daɗe a zaune, amma tana cin abinci, tana fita maƙwabta.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, don rabonmu da haɗuwa tun zaman makokin matarka Bilkisu. Zumuncin ya yi sanyi, amma uwata da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, ban manta ba. Bana aka mayar da ni firamare a Nariya a matsayin mataimakiyar hedimasta, sai na tarar da 'yarka Ikram a aji uku. Na so in turo maka saƙo ta waya tunda kira ba ya yi maka amfani, sai Maharazu mai motar albasa ya ce an sace wayar taka a tasha. Shi ya ce in rubuta, zai biyo ta shagonka in zai wuce Legas.

Ga dalilin takardar. Ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan nan, daga wajen Tarai ta fara. Ofishin ilimi ya aiko wa dukkan makarantu sanarwa, ni ce kuma nake kai wa iyaye a wurinmu. An ce kowane yaro ya riƙa zuwa da ruwan shansa, a daina shan kofi ɗaya, a kula da wanke hannu. Babban abin shi ne ma'aikatan lafiya za su zo makaranta ƙarshen watan nan su yi wa yara rigakafi. Na tambayi katin Ikram, babu, kuma ba wanda ya tuna an taɓa yi mata.

Na je gida na sami Inna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Bara'atu, ke malama ce, ni ban yi boko ba. Amma ni na goya uban yarinyar nan zuwa asibiti yana jin kirana, na dawo da shi ba ya ji. Allura aka yi ta yi masa safe da yamma. Ba zan miƙa 'yarsa ba sai ya ce."

Ban ja da ita ba. Saboda haka maganar tana hannunka. Ka rubuto layi biyu in karanta mata.

Ikram yarinya ce mai hankali, rubutunta da kyau, sai dai shiru ya yi mata yawa a aji. Kwanan nan ma malaminsu ya ce sai ya kira ta sau biyu take ɗagowa. Ina sa mata ido. Idan abin ya zo kanta, ba mu da yadda za mu yi sai mu mayar da ita gida ta bar zuwa aji. Haka ofis ya ce, kuma ka fi kowa sanin abin da ake gudu.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Bara'atu

*

Shagamu, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Bara'atu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo, na gode da kika tuna da ni. Ina lafiya. Aiki da sauƙi, an fara kawo ɗinkin sallah tun azumi bai kama ba. Ki gai da mai gida. Ki ce da Inna ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi.

Yaya, na karanta ƙarshen takardarki har na haddace. Kin ce sai an kira Ikram sau biyu take ɗagowa. Kin ce kina sa mata ido. Kin ce in abin ya zo kanta za ku mayar da ita gida, kuma na fi kowa sani.

Gaskiya ne, na sani. Ina aji huɗu sanƙarau ya kwantar da ni. Da na warke na koma makaranta da ƙafata, jakata a wuya. Na zauna a wurina ina kwafar abin da ke allo, don ido na nan. Ban yi mako biyu ba aka kamo hannuna aka kawo ni har ƙofar gida. Malamin yana magana da Baba, ni ina kallon bakinsa. Abin da na iya tsinta shi ne, "Ba amfani." Daga nan sai shagon tela.

To ni kurumtata ba gado ba ce, ciwo ne ya kawo ta. Ikram tana ji sarai. Marainiya ce, tun da uwarta ta rasu ba ta cika magana ba, ko a gida haka take. In malami ya kira ta ba ta ɗago ba, wataƙila hankalinta ne ya tafi wani wuri. Amma da yake 'yar kurma ce, sai a fara auna ta tun yanzu, ana neman ranar da za a ce ta zauna a gida. Ban zaci wannan daga wajenki ba, ke da kika san gidanmu.

Ina zaman nan ne ina taka keke daga safe har magariba don ta yi karatun da ni ban samu ba. In makarantarku ta gaji da ita ki faɗa mini kai tsaye, in sa a kai ta Rano wajen ƙanwar uwarta.

Maganar allura kuwa, Inna ce take riƙe da ita, ita take tashi da ita take kwana da ita. Ta yi yadda ta ga ya dace. Ba zan zauna a Kudu ina ba uwata umarni a takarda ba.

Ki yi haƙuri in na yi zafi.

Ƙanenki,
Gwadabe

*

Rano, 17 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Gwadabe,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Da fatan azumi ya same ka lafiya. Daga asibiti a Rano nake rubuto maka, amma ka kwantar da hankalinka ka karanta har ƙarshe. Ikram tana raye, kuma tana samun sauƙi.

Na fara da abin da ya ɓata maka rai. Wallahi Gwadabe, kunne bai zo raina ba lokacin da na yi rubutun nan. Da na ce "abin", ƙyanda nake nufi. Duk yaron da zazzaɓi ya kama ana mayar da shi gida har ya warke, don kada ya shafa wa saura, sannan ya dawo. Shirunta kuwa, tsoro nake kada zazzaɓi ne yake shigarta. Da na ce ka fi kowa sani, ina nufin ka san abin da ciwo kan bar wa yaro. Da na sake duba maganar da idonka, na ga yadda ta fito. Ya kamata in kira ciwon da sunansa.

Amsarka ta iso bayan masu allura sun zo sun tafi. Ranar da suka zo na sake komawa wajen Inna, ta ce ba ta ji daga gare ka ba. Ikram tana tsaye a tagar aji tana kallon 'yan ajinsu a layi suna naɗe hannun riga.

Farkon watan nan ta fara tari, idonta ya yi ja. Muka mayar da ita gida. Inna ta lulluɓe ta a ɗaki, ta ce a bari ƙurajen su gama fitowa, haka aka saba. Sun fito kuwa, tun daga bayan kunne har ƙafa, amma zazzaɓin ya ƙi sauka, numfashinta ya fara fita da ƙyar. Na shiga na gan ta, na ce, "Inna, yau kam sai asibiti."

Ta dube ni ta dubi yarinyar. Sai ta ɗauko mayafinta.

Likita ya ce ciwon ya sauka ƙirji. An yi mata ƙarin ruwa, ana ba ta magani. Jiya ta sha kunu, ta tambayi ko an fara jarrabawa.

Akwai labarin da ba shi da daɗi. Jumai, yarinyar da suke zama benci ɗaya, Allah ya yi mata rasuwa makon jiya. Ita ta riga ta kamu tun kafin a zo rigakafin, ba a kawo ta asibiti ba sai da abin ya yi nisa. Mun je gaisuwa da malamai. Uwar ta fito da rigar makarantarta a ninke, ta ce a ba wani yaron da ba shi da ita. Ban faɗa wa Ikram ba tukuna.

An rufe ajin nasu na ɗan lokaci. Ina bi gida gida da mai unguwa muna roƙon iyaye kada su ɓoye yaro mai zazzaɓi a ɗaki.

Ka rubuto ko da layi ɗaya ne.

Yayarka,
Bara'atu

*

Kibiya, 29 ga Maris

Gwadabe,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Shirun ya yi yawa. Ban sani ba ko har yanzu fushi kake da ni, ko kuwa takardata ce ba ta isa ba. Maharazu ma ban sake ganinsa ba tun da na ba shi ita. Wannan takardar kuwa yaron motarsa zan ba wa, an ce zai bi shi da kayan gyara.

An sallamo Ikram, tana gida. Ƙirjin ya washe, ƙurajen sun bushe suna saɓulewa. Ta rame, amma tana cin tuwo.

Yanzu zan faɗa maka abin da nake ta juyawa a raina, kuma wannan karon zan kira shi da sunansa. Kunnenta na hagu yana zubar da mugunya. Tun muna asibiti ta ce yana yi mata ciwo, aka ba da magani, bai tsaya ba. Shekaranjiya na je duba ta, tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Na tsaya ta hagunta na kira sunanta a hankali, ba ta juyo ba. Na zagaya ta dama na sake kira, ta ɗago ta gaishe ni. Likitan Rano ya ce a kai ta Kano wajen masu duba kunne, kuma kada a ja lokaci.

Inna tana kallona lokacin da na yi gwajin nan. Tun daga ranar ba ta da sukuni. In an sha ruwa sai ta kurɓi koko ta ture kwanon. Ta ce mini, "Wancan na kai shi asibiti ya rasa kunne. Wannan na hana a taɓa ta, ga shi ita ma. To ni ta ina zan bi?" Maganata ba ta shigarta. Taka ce kawai za ta ji.

Ikram ta ji rasuwar Jumai a bakin yaran maƙwabta kafin in samu in gaya mata. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaye ni wa zai zauna a wurinta, na ce sai an koma za mu gani.

In ka yarda, ni da mai gidana za mu kai ta Kano bayan sallah. Amma na fi so a ce ubanta yana wurin. Ba na so wani ya sake karanta maka labarin 'yarka a takarda, kai kana fassarawa kai kaɗai a shago.

Ka zo gida, Gwadabe.

Bara'atu

*

Shagamu, 3 ga Afrilu

Yaya Bara'atu,

Wa'alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Ba fushi nake ba. Motar Maharazu ce ta lalace a Mokwa, ya daɗe a can yana jiran gyara. Yau da hantsi ya shigo shago ya ajiye mini takardu biyu a kan keke.

Ta biyun na fara buɗewa, ban san ita ce ta biyu ba. Na ga an sallamo Ikram, ni ban san ta kwanta ba. Na ga rasuwa, na ga kunne. Sai da na zauna a ƙasa. Maharazu ya tsaya a kaina yana magana, ban iya kallon bakinsa ba.

Kin nemi layi biyu a wurina, na cika miki shafi da abin da ba ki faɗa ba. Da na rubuta "a yi mata" kawai, ko da ya iso a makare, aƙalla na san na rubuta. Ki yafe mini.

Ki karanta wa Inna wannan, ki karanta da ƙarfi, a hankali. Inna, ba allura ce ta tafi da kunnena ba. Na tambayi likita a nan da girmana, a rubuce, ya ba ni amsa a rubuce. Ya ce sanƙarau kan kashe kunne, allurar kuwa ita ta hana shi kashe ni. Da ba ki goya ni kin kai ni ba, da babu ni, babu Ikram. Na daɗe da sanin haka. Ban taɓa tsammanin kina ɗauke da abin a ranki ba, don ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Ki ci abinci.

Na mayar wa mutane yadinsu, wanda na yanka na bar wa abokin aikina ya ƙarasa. Gobe in Allah ya kai mu zan hau mota. Wataƙila in riga takardar nan isowa, amma zan ba Maharazu duk da haka.

Kada ku jira bayan sallah. Da na sauka mu wuce Kano.

Ƙanenki,
Gwadabe

*

Shagamu, 12 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na sauka lafiya. Ya gida, ya yara, ya makaranta? An yi ruwan farko a wajenku kuwa? Nan kullum cikinsa muke. Ki miƙa godiyata ga mai gida, wahalar da ya sha da mu a Kano Allah ne kaɗai zai biya shi.

Ranar da zan taho ba mu samu zama ba, kina wajen taron iyaye. Akwai abubuwan da nake so in faɗa miki, kuma kin san na fi iya magana a takarda.

Abin da likita ya ce, wanda kika rubuta mini a bayan katin asibiti, na karɓa. Dodon kunnen hagu ya huje, jin wannan ɓangaren ba zai dawo duka ba, na dama lafiyarsa lau. Na yi kwanaki ina jin kamar ni na sa hannu na toshe mata. Yanzu na bar wa Allah. Ina roƙonki abu uku. A zaunar da ita gaba, ta ɓangaren da kunnen dama zai fuskanci malami. Malamin ya riƙa juyowa in zai yi magana, kada ya yi bayani yana kallon allo. Kuma in yara sun fara kiranta da wani suna, ki tsawatar tun ranar farko. Na san yadda suna yake manne wa mutum.

Inna ta sake. Ban san ko ta gaya miki ba, da aka ce masu rigakafi sun dawo zagaye na biyu, ita ta shiga gidan maƙwabcinmu Malam Uzairu ta fito da jikokinsa biyu, ɗaya a kowane hannu, tana ɗingishi har ƙofar mai unguwa. Matar gidan tana biye da ita tana magana, Inna ko waiwaye.

Na yanke shawara. In na gama ɗinkin babbar sallah zan ɗaure kekena in dawo. Na ga wani shago a bakin kasuwar Rano. Aikin ba zai kai na nan ba, amma Nariya ba nisa.

Sai abu na ƙarshe. Ikram ba ta saba da ni ba, kin gani da idonki. A Kano ma bayanki take ɓuya. Tun tana jaririya nake zuwa in tafi, in na yi magana muryata tana fita da ƙarfi ban sani ba, sai ta tsorata. Na daina matsa mata.

Ana gobe zan taho, da la'asar, ina zaune a zaure ina gyara mata rigar makaranta da ta yi mata yawa saboda rama. Ta zo ta tsaya da littafinta. Ta nuna kunnenta na hagu, ta nuna nawa, tana tambaya da ido. Na gyaɗa kai. Ta nuna ɗaya kunnen nawa, na sake gyaɗawa. Ta daɗe tana kallona.

Sai ta zauna ta buɗe littafin ta fara karatu. Ina ganin bakinta yana motsi, amma ta sunkuyar da kai, ban iya bi ba. Na taɓa kafaɗarta na girgiza kai. Can sai ta kama hannuna, allurar ɗinki ma tana tsakanin yatsuna, ta zare ta ta soke a jikin rigar, ta ɗora yatsuna a maƙogwaronta. Ta ci gaba da karatu.

Yaya, shekararta takwas, ban taɓa sanin yadda muryarta take ba. Ƙarama ce, tana rawa a ƙarƙashin yatsa, in ta zo kalma mai wuya sai ta tsaya ta haɗiyi yawu ta sake ɗauka. Ta karanta shafin har ƙasa. Ta ɗago ta dube ni ko ya isa.

Na ce ta juya shafi.

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Gwadabe